Maki Arba'in daga Zariya

Da la'asar sakaliya mota ta sauke ni a Zariya, ni da jaka ɗaya, da ƙullin kilishin da Inna ta cusa min, da wata takarda mai jan hatimi da na biya kuɗinta tun ina Maraɗi. Takardar ɗakin kwanan ɗalibai ce. Wani Alhaji Bala, mai kai-komo tsakanin garinmu da Najeriya yana sama wa mutane gurbin karatu, shi ya sayar min da ita, yana rantsuwa har da dafa kai. Gurbin karatun gaskiya ne, ɗakin ne ƙarya. Matar da ke kula da ɗakunan ta juya takardar gaba da baya, ta dube ni da tausayi ta ce, "Baiwar Allah, ginin da aka rubuta a nan ko tubali ɗaya ba a aza ba. Ke ce ta huɗu da ta zo min da irinta." Na kira lambar Alhaji Bala ta fi sau goma, a kashe. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba kuma ba zan yafe ba.

Sunana Zainabu. Lokacin shekarata ashirin da bakwai, mijina ya cika shekara ɗaya da rasuwa, 'yata Rabi kuma shekararta biyu, na bar ta hannun Inna. Shekara huɗu na yi ina wanke kwalabe da goge tebura a ɗakin gwajin jini na wani asibitin ƙungiya a garinmu. Shugabar ɗakin, Madam Hawwa, ita ta ga ina leƙa madubin ƙwayoyin cuta in ba kowa, ta ce in je in yi difloma ta shekara biyu a Najeriya, su suna neman mai takardar Turancin Ingilishi, za ta riƙe min gurbi. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, kuma ba nata ba ne, na ƙungiyar ne: a manyan darussa kada in sami ƙasa da C. Abin da ya kawo ni ke nan, in sami aikin da zan ciyar da Rabi ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba.

Ina zaune a kan jakata a bakin ƙofar makaranta, wani dattijo mai Keke ya tsaya ya ce, "Hajiya, ina za a kai ki?" Na ce ban sani ba. Da ya ji Hausata ya ce, "Daga Nijar?" Na ɗaga kai, sai hawaye. Bai ƙara tambaya ba, ya ɗauki jakar ya jefa a baya. Muka shiga birni ta Ƙofar Doka, muka bar kwalta muka faɗa lunguna, katangun ƙasa hagu da dama har kana iya taɓa su da hannu. Wallahi na sadaƙar sayar da ni zai yi, na karanta duk addu'ar da na sani. A unguwar Kwarbai ya tsaya, ya yi sallama a wani zaure, ya miƙa ni ga gwaggonsa. Ko sisi ya ƙi karɓa.

Hajiya Kulu ke nan. Gajeruwa, kakkaura, muryarta sai ka ji ta daga gida uku. Alkaki da nakiya da dubulan take yi na gara, kusan babu amaryar da aka kai a unguwar ba da kayanta ba. Tambayarta ta farko ita ce, "Ke 'yar wa ce?" A birni haka ake tambaya, ba a tambayar sunanka sai an san gidanku. Na faɗi sunan mahaifina, wanda ba ta taɓa ji ba, ta ce, "To daga yau in an tambaye ki, ki ce ke 'yar Kulu mai alkaki ce." Ta buɗe min ɗakin autarta da aka aurar. Da na yi zancen kuɗin haya ta ce in na sake za ta mare ni, in dai ina da hannu in taya ta suya.

'Yar Faransa take kirana. In na ce bik ta ce, "Biro ake cewa a nan, 'yar Faransa." In na yi tsaki da tuwon masara ta ce, "Ci, ba gero a gidan nan sai na kunu." Na yi kewar furar garinmu har na riƙa mafarkinta. Ruwan saman Zariya kuwa ya ba ni tsoro, a kwana a wuni ana zuba shi, katangar maƙwabta ta zube a idona. Duk Juma'a nakan kira Inna, ta kara wa Rabi waya a kunne, in yi ta "Rabi, Rabi, Mama ce," ita kuwa sai numfashi kawai nake ji.

Makaranta wata duniya ce daban. Da Faransanci na yi lakwal, wato makarantar boko ta can gida, ga shi malami yana zuba Turanci kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Wata uku na farko ban san inda aka dosa ba, sai dai in ga an yi dariya ni ma in yi. Rifkatu ce ta cece ni, wata 'yar kudancin Kaduna da ke zama kusa da ni, ita ke fassara min da Hausa bayan an tashi, ni kuma in koya mata aikin hannu, don kafin a nuna mana yadda ake shafa jini a gilashi ni na gaji da gani. Da haka na haye shekarar farko, C, C, B, C. Da na nuna wa Hajiya ta ce ita ba ta san wani si da bi ba, "Kin ci ko kin faɗi?" Na ce na ci. Ta rangaɗa guɗa.

A zangon ƙarshe na shekara ta biyu muka haɗu da Malam Tukur, mai darasin gwajin jini, babban darasi a cikin manya. Mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, kuma ya iya koyarwa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Satin farko shugaban aji ya zo da ɗaurin takardu ya ce handawut ɗin Malam ne, wato darasin da ya buga, kowa ya saya. Kuɗinsa ya kai kuɗin Kekena na sati biyu. Ni kuwa a lakwal ɗinmu malami rubutu yake a allo mu kwafa, wanda littafinsa ya fi tsabta shi ake ɗagawa a nuna wa aji. Sai na ce me zai sa in sayi abin da hannuna zai iya? Na ari na Rifkatu. Ta ce, "Zainabu, ki dai saya." Na ce, "Ke dai ba ni." Ba ta ƙara ba, ta ɗauka na san abin da kowa ya sani.

Kwana tara na yi ina kwafa, bayan sallar asuba da kuma tsakanin kasko da kasko. Shafi tamanin da wani abu, har zanen ƙwayoyin jini na yi da ja da shuɗi. Yatsana ya yi kanta. To wautar ba ta tsaya nan ba. Ni da ƙafata na ɗauki littafin na kai wa Malam Tukur ofis, ina washe baki, wai ya ga ƙoƙarin ɗalibarsa! Kai, Zainabu, Allah ya shirye ki. Ya buɗe shafi-shafi a hankali, ya yi murmushi ya ce, "Duka kika kwafa?" Na ce duka, Malam. Ya ce, "Rubutunki yana da kyau. Mene ne sunan naki ma?" Na faɗa masa har da lambata ta jarrabawa, na fito ina jin kaina a sama.

Ranar da aka manna sakamakon gwajin tsakiyar zango, na bi layin sunana da yatsa sau uku. Bakwai cikin arba'in. Rifkatu, wadda ni na yi mata bitar darasin, ashirin da tara. Ta ja ni bayan aji ta ce, "Wai da gaske ba ki sani ba? Duk wanda ya sayi handawut shugaban aji yana rubuta sunansa. Takardar nan ita Malam ke ajiyewa a gefe in zai ba da maki. Ba a faɗa, amma kowa ya sani." Na ce, "Ni wa ya gaya min?" Ta ce, "Na ce ki saya." Gaskiyarta, ta faɗa. Baƙo ko yana da ido makaho ne. Na ruga wurin shugaban aji da kuɗi a hannu, ya ce an riga an miƙa sunaye, an rufe.

Daga nan sai ofishin jarrabawa. Wata mata mai tabarau ta zaro fom ta ajiye a gabana, ta yi min bayani dalla-dalla. Hanya biyu ce. Ko in cike fom in ajiye darasin kafin Juma'ar sama, bakwai ɗin nan ta goge kamar ba a yi ba, amma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, sai in zauna Zariya har baɗi. Ko in shiga babbar jarrabawa da bakwai ɗina, wadda makinta sittin ne, in ina son C sai na ci arba'in da uku. In na gaza, abin da na samu shi za a rubuta a takardata har abada, don ba a maimaita darasin da aka haye ko da da rarrafe ne.

Na kira Madam Hawwa. Ta ce shekara ɗaya za ta iya riƙe min gurbin, amma sharaɗin C ko ita ba ta isa ta taɓa shi ba. Na kira Inna, na fara kewaye-kewaye, ta katse ni. "Abu, mi kike son hwaɗi? Wata shekara?" Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Ni dai gwiwata ta gama. Kuma ɗiyarki jiya ta tambaye ni ko ke ma kin tahi inda babanta ya tahi." A bakin wata kwata nake tsaye, nan na tsuguna na yi kuka, mutane na wucewa suna ba ni haƙuri ba su san na mene ba.

Kwana uku fom ɗin yana cikin jakata. Gaba kura, baya sayaki. In na kalli littafina sai in ji zan iya, don darasin nan a kaina yake kamar Fatiha. Rifkatu ma ta ƙarfafa min gwiwa, ta ce a babbar jarrabawa lamba ake rubutawa ba suna ba, takardu ɗari da wani abu, Malam ba zai tsaya neman tawa ba, ya riga ya huce a gwajin farko. In kuma na tuna arba'in da uku cikin sittin, da Turancina mai ɗingishi, sai in zaro fom ɗin in sake dubawa. Amma dai akwai hanya a lokacin, ko da siririya ce, kuma zuciyata ta fi karkata ga in shiga in gwada.

Ran Juma'a na ƙona kasko guda na alkaki. Hajiya ta ƙwace matsamin daga hannuna ta ce, "Zauna. Kwana uku kina yawo kamar kazar da aka jiƙa. Faɗa min, ko in kira uwarki." Na kwashe komai na faɗa mata. Da na ambaci sunan malamin ta dafe ƙirji. "Tukur? Dogo, mai tabo a goshi? Tukur ɗan Yalwa? La ilaha illallahu! Yaron da na ci tuwon sunansa? Ni na yi alkakin bikinsa, kyauta!"

Na ce, "Hajiya, ba faɗuwa nake tsoro ba, akwai maki, akwai C, akwai…"

"Ke raba ni da si! Jarrabawa ci ne ko faɗuwa. Gobe za mu gidansu."

"Hajiya, don Allah a bari."

"A birnin nan ba a zuwa wurin yaro alhali babbansa na da rai. Kowa kika gani da hula yana da wanda yake cire wa takalmi. Ke 'yar wa na ce ki ce?"

Da na so da na kafe. Da na rantse mata da ta haƙura. Ban yi ba, saboda can ƙasan zuciyata na ce wa ya sani, ko uwa ta yi magana ya gyara min bakwai ɗin.

Asabar da hantsi muka kama hanya a ƙafa, ni ɗauke da samira cike da alkaki, Hajiya a gaba tana gaisawa da duk wanda muka gamu da shi. Gidan babba ne, zaure uku kafin ka shiga. Goggo Yalwa, mahaifiyar Malam, tsohuwa ce siririya mai carbi, tana zaune a tabarma a rumfa, matar Malam na tsintar shinkafa a gefe, ga wasu matan gidan biyu. Aka yi gaisuwa ta kai ta kawo, aka tambayi na raye aka yi wa matattu addu'a. Sannan Hajiya ta gyara zama ta fara. Na zaci a kunne za ta raɗa mata. Ina! Da muryar nan tata ta zazzage komai, da sayar da takardu, da rubuta sunaye, da marainiyar da na baro, da yatsana mai kanta, har ta kama hannuna ta ɗaga kowa ya gani. Matar Malam ta daina tsintar shinkafa.

Goggo Yalwa ta ce a kira mata Tukur. Ya fito daga sashensa da jallabiya, ya tuɓe takalmi nesa, ya zo ya tsuguna. Mutumin da in ya shigo aji ko tari ba a yi.

"Tukur, ashe abin da kake yi ke nan? Ubanka shekara nawa yana karantarwa a zauren nan, ka taɓa ganin ya rubuta sunan wanda bai kawo sadaka ba?"

"A'a, Goggo."

"Baƙuwa, mai marainiya, ta kwafi karatunka da hannunta don ta girmama shi, ka saka mata da wannan? To ka ji da kyau. Yarinyar nan kada ta faɗi. Ni na ce."

"To, Goggo. Ba za ta faɗi ba."

Ko sau ɗaya bai dube ni ba. A hanyar dawowa Hajiya sai tafiya take kamar yarinya, tana cewa, "Kin gani? Magana ɗaya!" Ni kuwa ban taya ta murna ba, don na ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi lokacin da yake tsugune.

Litinin ya aiko a kira ni. Ya rufe fayil ɗin gabansa, ya yi min magana da Hausa, muryarsa a sanyaye kamar kullum. "Tunda na yi aure ba wanda ya taɓa tsugunar da ni a gaban matata sai ke. Ba komai. Goggo ta ce kada ki faɗi, kuma ban taɓa saɓa mata ba. Arba'in zan ba ki, E, an haye ke nan. Ki rubuta littafi guda, arba'in. Ki miƙa farar takarda, arba'in. Lambarki ke kika ba ni da bakinki."

Na durƙusa a kan simintin na ce, "Malam, don girman Allah, C nake nema. Ka bar ni da abin da hannuna ya rubuta kawai."

"Ba abin da aka roƙa ke nan ba." Ya miƙo hannu. "Ko ki kawo fom ɗin in sa miki hannu yanzu. Baɗi ba ni zan koyar ba, zan tafi ƙarin karatu, wani za ki samu. Sai dai ke za ki je ki gaya wa Goggo da Hajiyarki cewa alfarmar da suka yi miki ba ta ishe ki ba."

Na miƙa masa, ya sa hannu, ya miƙo min. Saura nawa hannun, da kaiwa ofishin jarrabawa kafin Juma'a.

Na tambayi Rifkatu ko in kai ƙara. Ta ce, "Da wace shaida? Duk ajin sun saya, wa zai tsaya miki? Ki ajiye darasin nan, Zainabu. Shekara ɗaya ce, kamar gobe." Lissafin a fili yake, ko yaro ya gane. Arba'in na nufin shekara biyun nan sun tafi a banza. Ran Laraba na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya na sa hannuna a fom, na ce in na koma gida zan yi wa Hajiya bayani a tsanake.

Tun daga zaure na ji hayaniya. Tsakar gida cike da mata, ana rabon waina, sadakar da Hajiya ta yi don Allah ya kuɓutar da 'yarta. Wannan ta rungume ni, waccan ta ce barka da arziki. A kan gadona ga turmin atamfa, wai Goggo Yalwa ta aiko a ba ni haƙuri kan abin da ɗanta ya yi. Na jira har aka watse, Hajiya na kankare kasko a bakin rijiya, na tsuguna kusa da ita.

"Hajiya, abin da Malam zai ba ni ba zai sama min aikin ba. In na ajiye darasin zuwa baɗi…"

Hannunta ya tsaya. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. "Ki ajiye? Bayan an roƙa an ba ki?"

"Hajiya, makin ne…"

"Tun muna 'yan mata nake tare da Yalwa, ko allura ban taɓa roƙonta ba. Ran Asabar na kwashi girmana na zube mata a tabarma saboda ke. Ta tsugunar da ɗanta a gaban matarsa saboda ke. In kika mayar, cewa za a yi Kulu ta kawo 'yar da ta raina kyautar manya. Da wane ido zan bi ta ƙofar gidan nan?" Ta share ido da bakin zane. "Amma ke kika san karatunki. Ni jahila ce. Ɗakin naki ne ko shekara goma za ki yi."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Shekara biyu ina cin tuwonta, da na yi zazzaɓi ita ta goya ni zuwa bakin titi. Amma ba zan ɗora mata duka ba, in na yi haka na yi ƙarya. Na gaji. Na gaji da Turanci, na gaji da ruwan sama, na gaji da jin numfashin 'yata a waya. Da Hajiya ta faɗi maganar nan, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji, don ya sami inda zai fake.

Ran Juma'a na je har ƙofar ofishin jarrabawa da fom a hannu. Na tsaya a baranda. Matar mai tabarau ta hango ni ta taga ta yafito ni, na yi kamar ban gani ba. Ɗalibai biyu suka shiga suka fito. Na ce in na ƙirga ɗari zan shiga, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Da aka fara kiran sallah masinja ya zo ya ja ƙofa, ya ce, "Hajiya, akwai abin da za ki bayar? Yau ce rana ta ƙarshe." Na ce babu. Ya datse kwaɗo ya tafi masallaci.

Na shiga jarrabawar, kuma ban miƙa farar takarda ba, don taurin kai. Na rubuta duk abin da na sani, sau biyu ina ɗaga hannu a ƙaro min takarda, kuma Malam Tukur da kansa yake kawo min, har da cewa sannu. Sakamako ya fito, arba'in cif. Hajiya ta sa na ɗinka atamfar, ta tasa ni gaba muka koma yin godiya. Na durƙusa gaban Goggo Yalwa na ce Allah ya saka da alheri. Aka kira Malam, na juya na durƙusa masa shi ma, na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Ya ce, "Ba komai, yi wa kai ne." Tun da nake ban taɓa jin ɗacin magana a bakina irin na ranar ba.

Ranar tafiyata Hajiya ta cika min bokiti da alkaki, ta raka ni har bakin titi tana kuka tana zagina wai na saba mata da kaina. Har yau takan kira ni duk sallah, ta ce in duba mata maganin ciwon ƙafa tunda na zama likita. Ban taɓa gaya mata ba. Rabi kuwa da ta gan ni ɓuya ta yi bayan Inna, sai da aka kwana shida ta yarda na yi mata wanka.

Sati biyu da dawowata na saka kayana masu kyau na kai wa Madam Hawwa takarduna. Ta rungume ni, ta zaunar da ni a kujerar baƙi, ta ɗauki bik tana bin layi tana gyaɗa kai. B, C, C, B. Sai bik ɗin ya tsaya. Sannan ta ce ba za ta iya tura wannan sama ba, za a dawo da shi, gurbin sai dai a ba wani yaro da ya gama a Sakkwato. In ina so, wankin kwalabe yana nan, wadda ta gaje ni za ta yi aure.

Na ce ina so.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Zainabu, ban gane ba. Ke da kike rarrabe min ƙwayoyin jini tun ba ki je ko'ina ba, a gwajin jini za ki sami wannan? Rashin lafiya kika yi? Me ya faru?"

Na ce, "Alfarma aka yi min, Madam."